Wuƙar Kofur Ba Ta Yanka

Da wannan bazarar, shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Kofur Isiyaku makwancinsa a ƙauyenmu, nan kusa da Dandamisa. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya a jarida ba. Ni ba marubuci ba ne. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya a Ikara, tun daga nan rake nake matsewa, in dafa mazarƙwaila, in kai kasuwar Makarfi. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a ransa, ba sai ya neme ni ba. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne Sabi'u, ɗa namiji tilo da Yaya ya bari. Yanzu haka da nake rubutun nan yana can cikin daji yana bin sawun ɓarayin shanu, da wuƙar ubansa a ƙugu, ya kuma sakankance cewa ƙarfe ba ya cin jikinsa. Yadda aka yi wuƙar mutumin da ya fi kowa ƙin irin wannan magana ta zama ita ce shaidarta, shi nake so in faɗa.

Ba zan yi wa Yaya kwalliya don ya mutu ba. Mutum ne mai wuyar zama. Ba ya hira, ba ya zuwa biki sai dole, in ka ja gaisuwa da tsawo sai ya katse ka ya tambaye ka abin da ya kawo ka. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ina ƙarami ya shiga soja. An kai su wurare a ƙasar nan, an kai su Laberiya, sannan ya yi ritaya ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa sosai, da wannan wuƙa. Mutane sun yi ta taruwa a zaurensa suna jiran labarin yaƙi. Shi kuma sai ya ba su labarin ruwan sama, wai can ana yin ruwa har takalmi ya ruɓe a ƙafar mutum. Da suka gaji suka daina zuwa. Ya karɓi rabonsa na fadama ya dasa rake kamar kowa. Abu ɗaya na san ya taɓa ɗaga murya a kai: ranar da wani ya shafa kan Sabi'u yana yaro ya ce ga magajin Kofur a bariki. Yaya ya ce gara ya ga ɗansa yana tallan rake a tasha har ya tsufa.

Wuƙar, su sojoji banati suke ce mata, wato wadda ake maƙalawa a bakin bindiga. Ba ta gwamnatinmu ba ce, tasu ya mayar musu ranar da ya ajiye kaki. Wannan tsohuwar yayi ce, wani sojan wata ƙasa ya ba shi a can, shi kuma ya ba shi kilishi. Tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Baƙa ce wuluk, ba ta ƙyalli ko da tsakar rana. Akwai zobe a inda mariƙi ya haɗu da ƙarfe, akwai ɗan maɓalli a gindin mariƙin da ake dannawa, sannan wani dogon kwarmi ya bi tsakiyar ƙarfen ta kowane gefe. Kubenta ma na ƙarfe ne, ba aikin dukawa ba. Duk wanda ya ga an zare ta sai gabansa ya faɗi. Ni ma haka.

Shi ya sa wata Babbar Salla, shekarar da na fara yin layya da ragon kaina, na lallaɓa na ɗauko ta a ɗakinsa. So nake a ce ragon Garba da wuƙar soja aka yanka shi. Limaminmu na wancan lokacin, Allah ya jiƙansa, shi ke bi gida-gida yana yanka wa mutane. An ka da rago, an fuskantar da shi gabas, na miƙa masa wuƙa ina hura hanci. Ya ɗora babban yatsa a bakinta ya shafa. Ya sake shafawa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Garba, ragon nan laifin me ya yi maka?"

Na ce ban gane ba.

"Wannan ai ko kabewa sai ta yi maka gardama. A miƙo mini wuƙar girki."

Aka yi ta dariya har mata a cikin gida suka leƙo. Ranar duk unguwa ta san wuƙar Kofur ba ta yanka. Sai dai waɗanda suka yi dariyar yawancinsu suna ƙasa yanzu, sauran kuma sun tsufa, ba mai tambayarsu komai.

Na ɗauka Yaya zai yi faɗa, bai yi ba. Bayan Salla ya same ni a wajen matsar rake, na ce masa cikin jin haushi ya ba ni ita in kai wa maƙeri ya wasa, tun da ya bar ta ta dakushe. Ya ce ba dakushewa ta yi ba, haka aka yi ta. "Wanda ya ƙera ta ba wawa ba ne," in ji shi, "mugu ne." Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya yi doguwar magana, shi ma don a kan ƙarfe ne, ba a kan mutane ba.

Ya ce asalinta tun zamanin da bindigar Turawa ma irin ta maharbanmu ce, harba-ka-ruga. Ka harba sau ɗaya, kafin ka ɗura wani albarushin abokin gaba ya iso kanka da doki. Sai suka yi dabarar cusa mariƙin wuƙa a cikin bakin bindiga, ta koma mashi. To amma in ka toshe bakin ba ka da halin harbi. Aka yi ta mutuwa a kan haka, sannan wani ya yi tunanin zoben nan, don wuƙa ta zauna a waje, harsashi ya samu hanyar fita. Da farko doguwa ce kamar takobi, don a iya kai wa mahayi. Da doki ya fita daga harkar yaƙi, mutane suka koma faɗa a cikin ramuka da lunguna inda ba wurin juya dogon abu, sai aka yi ta rage mata tsawo har ta dawo haka. Baƙin da aka yi mata, don kada ta haska a rana ta tona asirin mai ita ne. Kwarmin tsakiya kuwa, da mutanenmu ke cewa wai hanyar jini ce ko wurin zuba dafi, ya ce duk zancen banza ne. Nauyi ake rage wa ƙarfen ba tare da ya yi rauni ba, kamar yadda ake yi wa kwanon rufi tudu da kwari don kada ya lanƙwashe.

Na ce to bakin fa? Ya ce bakin ba shi ke aiki ba. Wuƙar mahauci jan ta ake yi, dole ta yi kaifi. Wannan tura ta ake yi, da nauyin bindiga da nauyin ƙato a bayanta, aikin duk yana tsini. In aka wasa bakin ya yi siriri zai ɓalle in ya haɗu da ƙashi, ga kuma kurata da za su yi ta yanke yatsunsu da na juna a wajen fareti. Shi ya sa aka bar shi da kauri. Ya ɗora ta a damtsensa ya goga gaba da baya kamar mai zarto, ya nuna mini. Ɗan farin layi kawai. Sannan ya juya tsinin ya kafa a jikin wani kututture, ya danna da tafin hannu, ba da wani ƙarfi ba, sai ga ta ta nutse.

Na tambaye shi ko ya taɓa soka wa mutum. Ya mayar da ita kube ya ce duk ranar da soja ya kai ga dogara da wannan, an riga an cuce shi. Iyakar amsar da na samu ke nan, ban kuma sake tambaya ba. Abin da na gani da idona, da ita yake huda ƙasa lokacin dashen tumatir, da ita yake tono dankali. Akwai kuma maganar da yakan yi in muka tarar da 'yan tauri ranar kasuwa, ana kiɗa suna goga wuƙaƙe a ciki da wuya. Ba ya tsayawa kallo. Sai dai ya ce shi da hannunsa ya sha kwance guru da layu daga ƙugun gawa kafin a yi mata sutura. Ba ya ƙara komai a kai.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ƙasar nan yau. A zamaninsa mutum kan ɗaure shanun huɗarsa a bayan gida ya yi barci har da minshari. Mu bara aka fara shigo mana. Aka kwance bijiman wannan, aka kore garken wancan, har da na Fulanin da muka tashi tare, waɗanda iyayensu da namu maƙabarta ɗaya suke kwance. Wanda aka raba da shanun huɗa kuwa an raba shi da abincin shekara. An kai ƙara inda ake kaiwa, aka ce ana bincike. Masu manyan riguna da ke zuwa mana lokacin zaɓe da atamfa da taliya, wayarsu ta daina shiga. To sai matasa suka haɗa ƙungiyar sintiri, da gora da adda da 'yan bindigogin toka. Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba. Sabi'u na cikinsu. Magidanci ne yanzu, da mata da 'ya ƙarama, kuma bijimansa na cikin waɗanda aka kora.

Da farkon rani sai ga wani mai magani, wai shi Gagara, ya biyo ta Kudan ya sauka mana da makaɗinsa. An ce kafin nan ya yi kwanaki a Kurmin Kogi. Garin magani yake damawa a fura, wanda ya sha wai ƙarfe ya haramta a jikinsa. Ni ban zo nan in yi gardamar ko akwai tauri a duniya ko babu ba. Malamai na nan, su yi. Abin da na gani zan faɗa.

Ranar na dawo daga Makarfi da la'asar na tarar da taro a filin sussuka. Yaran namu ba wawaye ba ne, sun yi masa tambaya mai kyau. Suka ce wuƙaƙensa shi ya zo da abinsa, na garin kuma ƙarfen maƙera ne mai laushi, alhali ɓarayin da za su tara kayan soja gare su. Sai wani ya tuna akwai wuƙar soja a garin. Sabi'u ya ruga ɗakin uwarsa, inda take kulle a akwati tun rasuwar, ya ɗauko. Yana ɗanyen saurayi ubansa ya rasu, kuma Yaya bai taɓa zaunar da shi ya gaya masa abin da ya gaya mini ba. Wannan laifin Yaya ne, na faɗa ko yana kabari. Shirunsa ya yi yawa.

Gagara ya zare ta, jama'a suka ja da baya. Ya ɗora babban yatsa a bakinta ya shafa, daidai yadda Liman ya yi. Na ga fuskarsa ta saki. Ya san abin da ke hannunsa, wallahi ya sani. Ya goga a wuyansa, ya goga a harshe. Sannan ya kira mai wuƙar, wanda ya riga ya sha fura, ya ce ya ɗaga riga. Ya yi ta zarto a cikin Sabi'u har yana nishi, makaɗi na zuga shi. Ko ɗigon jini babu.

"Kun ga ƙarfen soja?" in ji shi. "To harsashi da me ake yin sa?"

Suka ce da ƙarfe.

"Shi ke nan, na gama magana."

Na buɗe baki zan ce in ya isa ya juya tsinin ya gwada. Sai na duba na ga cikin ɗan yayana ne buɗe a gabansa. Na ga kuma idon Sabi'u, na tabbata in na faɗa, shi da kansa zai ce a soka. Na haɗiye maganata. Ba a daɗe ba Gagara ya shayar da duk wanda zai sha, ya tattara komatsansa ya yi gaba.

Na bi Sabi'u gona na gaya masa duk abin da na rubuta a sama, har labarin ragon. Na tuna masa abin da ya kashe ubansa: bakin galma ne ya sare shi a ƙafa, ga ciwon suga, miki ya ƙi warkewa har ya tafi da shi. Na ce ni na yi masa wanka, na ga tabban da ya dawo da su daga yaƙi, a cinya da haƙarƙari, waɗanda bai taɓa nuna wa kowa ba. Ya saurare ni da ladabi, don ba shi da rashin kunya, wannan ba zan tauye masa ba. Da na gama ya ce, "Baffa, ai shi Baba bai sha ba ne. Da ya sha, da galma ba ta kama shi ba."

'Yan sintiri suka sa ranar fita. An samu labarin inda aka bi da shanun, can yamma, daji mai nisa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci suka taru a ƙofar gidan mai unguwa da baburansu ana yi musu addu'a, washegari za su tashi. Na ga in ban yi wani abu ranar ba, ba zan sake samun dama ba. Na ratsa taro na ce Sabi'u ya ba ni wuƙar. Ya miƙo da hannu biyu. Na ce kowa a nan ya san ni, ya san ban sha furar Gagara ba, kuma maganin da na taɓa sha a duniya bai wuce na shawara da na basir ba. Aka ɗan yi dariya. Na tuɓe riga, da furfurata da tumbina, na goga wuƙar a cikina da iyakar ƙarfina. Na goga a damtse, na goga a wuya. Na ce to ku duba, ba ta yanka kowa, haka aka ƙera ta.

Na ɗauka magana ta shiga. Sai wani dattijo daga baya, wanda ya kamata a ce ya fi kowa hankali a wurin, ya ce, "Ashe taurin a gidan yake."

Kafin in rufe baki magana ta zagaye taro. Ashe shi ya sa Kofur ya je yaƙi ya dawo. Ashe shi ya sa ba ya kallon wasan tauri, ya raina na yara ne. Ashe shirun nan nasa ba banza ba. Na ce wanda bai sha fura ba ya fito ya gwada a jikinsa. Ba wanda ya motsa. Wani ya ce, "Baba Garba, mu ai ba jinin Kofur ba ne." Na fizgi sandar rake a wajen mai talla na yi ta goga mata wuƙar, ta ƙi yankuwa, na ɗaga musu su gani. Suka ce to kun gani, hannunsa ma kashe kaifi yake yi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Mutanen da shekara da shekaru ba sa amsa sallamata da kyau suka yi ta matsowa suna taɓa damtsena. Wani kuma ya ɗauke ni a waya. Na tsaya a tsakiyar gari ba riga, na zo in rushe ƙarya, na ɓige da yi mata daɓe da jikina.

Washegari da hantsi, kafin su tashi, Sabi'u ya yi sallama a zaurena. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye goro a gefen tabarma.

"Baffa, ban zo in ce ka ba ni ba. Na san yana jikina, tun da jini ɗaya ne. Dokarsa nake so ka faɗa mini."

Na ce wace doka?

"Kowane magani da abin da ke karya shi. Na yi ta tunani tun jiya. Baba wani abu ya taka, shi ya sa galma ta kama shi. Ka gaya mini ko mene ne, kada ni ma in taka."

Ku masu karatu kun riga kun ga abin da na gani a lokacin. Ya kawo kansa ya ajiye a tafin hannuna. Duk abin da na ce shi zai bi. Da na ce masa maganin gidanmu ba ya tsallake ruwa, da ko rafi bai tsallaka ba. Maganar ta zo har bakina. Sai na ji kamar Yaya na zaune a inda yakan zauna, da miƙaƙƙiyar ƙafarsa, yana kallona zan zama boka da sunansa. Na ce wa Sabi'u babu magani, babu doka, ba a taɓa yi ba a gidanmu. Na ce jikinsa nama ne irin na ɗan akuya, harsashi zai shiga ta gaba ya fita ta baya. Na miƙa hannu zan ɗauko Alƙur'ani in dafa.

Ya yi sauri ya riƙe mini hannu. "A'a Baffa, kada ka rantse saboda ni. Na gane. Lokacin faɗa ne bai yi ba, zan jira." Ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Uwarsa, Yaya Hanne, katanga ɗaya ce ta raba ɗakinta da zaurena, ta ji komai. Tun ina yaro muke wasan matar wa da ƙanin miji, ban taɓa ganin ta shigo mini ba ta tsokane ni ba sai ranar.

"Garba, me ya hana ka?"

Na ce mijinta bai taɓa yin irin wannan ƙarya ba, ni ma ba zan fara a kansa ba.

"Mijina ya mutu. Na zauna da gaskiyarsa har na tsufa, na san nauyinta, ba kai za ka gaya mini ba. Wanda ke kabari ba ya bukatar a tsare masa suna. Wancan da ke kan babur shi ke da bukata. Magana ɗaya ce, Garba. Da ka ce masa ba ya aiki sai a gida, da yanzu yana fadama."

Tun daga ranar ta daina yi mini magana.

Suka tafi, suka dawo lafiya, har da wasu daga cikin shanun. Ɓarayin sun ji tahowarsu, sun bar raunanan dabbobi sun yi gaba, ba a yi harbi ko ɗaya ba. Amma je ka ji labarin a kasuwar Makarfi: wai harsasai sun yi ta zuba ƙasa kamar tsakuwa. Wannan dawowa lafiya ita ta fi tayar mini da hankali. Yanzu Sabi'u aka sa a gaba, shi ke shiga kafin kowa. Hoton tumbina ya bi wayoyi, matasa daga wajen Kudan da Ikara suna zuwa zaurena da kaza suna roƙon in sam musu. In na kore su sai su ce rowa ce irin ta masu abin gaske. Maƙerin garinmu ma ya fara ƙera wuƙaƙe masu kwarmi da zobe, zoben da babu bindigar da zai shiga, yana shafa musu baƙin mai. Nasa kuwa wasa su yake yi, suna yanka. Ina jiran ranar da wani zai gwada irin tasa a cikinsa.

Makon jiya aka sake kora wani garke, suka sake fita, wannan karon nesa fiye da na farko. Wayar Sabi'u ba ta shiga. Matarsa ta dawo ɗakin surukarta da 'yar. Duk ƙarar babur sai su fito ƙofa, su tsaya, su koma.

To me ya rage na Kofur Isiyaku bayan shekarun nan? Fadamarsa na nan, ana nomawa. Sunansa ya fi da girma, sai dai ba nasa ba ne. Wani mutum dabam aka ƙera aka laƙaba wa sunan, wanda harsashi ke jin tsoro, har kirari makaɗa ke yi masa. Mutumin gaske, mai ɗingishi, wanda ya san tsoro, ya kuma san dalilin kowane lungu a jikin wuƙar nan, ni kaɗai na rage ina ɗauke da shi, ni ɗin ma ba wanda ya yarda da ni. Da yana raye ban san ko zai iya abin da na kasa ba. Wataƙila kallo ɗaya zai yi wa ɗansa ya sauko daga babur. Wataƙila kuma shi ma zai tuɓe riga a yi masa guɗa. Abin da na gada a wurinsa kafiya ce a kan gaskiya. Na gwada ta a inda ake bukata, ba ta tsare kowa ba.

Na yi ta juya maganar Yaya Hanne har na yanke shawara. Gaskiyar ga ta nan na ajiye a jarida, inda ba za ta cuci kowa ba. Su Sabi'u ba sa karanta jarida, ku masu karantawa kuma in kun gane ƙauyenmu ku taimaka ku kama bakinku. In ya dawo zan aika a kira shi, in bar shi ya durƙusa, in rage murya in ce lokaci ya yi. Zan ce masa abin gidanmu yana da iyaka, wanda ya wuce ta ya tafi ba komai a jikinsa, fitar da ya yi a baya kuma addu'ar uwa ce ta kare shi. Da sunan Kofur zan faɗa.

Allah ya jiƙan Yaya Isiyaku, ya yalwata masa kabari, ya sa kada a tambaye shi abin da za a faɗa da sunansa. Ni za a tambaya, na kuma yarda.

Jiya na je ƙofar ɗakin Yaya Hanne na tsaya na maimaita ƙaryar daga farko har ƙarshe. Sannan daga ciki ta gyara mini wuri ɗaya. Ta ce in sa iyakar ta zama inda ake jin kiran sallar masallacinmu, don ya ci gaba da sintirinsa a cikin gari, kada abokansa su ce masa matsoraci. Na ce to. Mun gama shirya komai. Saura ya dawo.